Kowace Ma'aikata da Taswirarta

 Maganarmu ta wannan mako a kan hanyoyin mota ce da gadoji, da kuma littafin da ya kamata a ce suna rubuce a ciki.

Shekaru ke nan a jere, da wuya damina ta wuce ba mu ji hanya ta yanke ko gada ta karye a wani sashe na ƙasar nan ba. Cikin watan Yuni na 2017 ruwa ya cinye gadar Tatabu tsakanin Jebba da Mokwa, manyan motocin da ke hauro da kaya daga Ikko suka yi cirko-cirko. Cikin Oktoba na 2022 kogi ya hau kan hanyar Lakwaja zuwa Abuja wajen Koton Ƙarfe, tankokin mai suka kasa wucewa, har fetur ya yi wuya a babban birnin tarayya. A damina ta 2024 hanyar Kano zuwa Maiduguri ta yanke a ƙasar Katagum, gadar Namnai kuma ta kan hanyar Jalingo zuwa Wukari ta rufta, mutane suka koma ƙetarewa cikin kwalekwale. Ambaliyar Mokwa ta ƙarshen watan Mayu na 2025 kuwa, ban da rayuka fiye da 150 da ta tafi da su, Allah ya jiƙansu, ta sake taɓa babbar hanyar nan da ke haɗa Arewa da ƙasar Yarabawa.

Duk sa'ad da irin wannan ya auku, abin da ke biyo baya sananne ne. Manya su zo su duba, a yi jaje, a ba da kwangilar gaggawa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, kafin ruwan ya zo, wa ya san gadar nan ta raunana, a wane littafi aka rubuta, kuma wa ya karanta? Gama ruwa ya kan daɗe yana ƙwaƙule gindin ginshiƙi kafin ya kā da shi, kwalbati ya kan shekara a toshe da yashi, direbobi da mutanen ƙauyen da ke kusa kuwa suna gani. Sanin yana nan, sai dai a warwatse yake.

Maganin da ma'aikatun hanyoyi na ƙasashe da yawa suka kama a kan wannan warwatsuwa shi ne abin da Turawa ke taƙaita sunansa da GIS, mu kuwa a nan za mu kira shi kundin taswira. Taswira ce a cikin kwamfuta wadda kowane abu da aka zana a kanta yana da takardarsa manne da shi. In ka taɓa zanen gada, sai a buɗe maka tsawonta da faɗinta, da shekarar da aka gina ta, da nauyin da za ta iya ɗauka, da ranar da injiniya ya duba ta a ƙarshe da abin da ya gani. Sa'an nan taswirar hawa-hawa ce, kamar a ce ka zana hanyoyi a kan takarda mai shara-shara, koguna a kan wata, kasuwanni a kan wata, wuraren da aka yi hatsari a kan wata, ka ɗora su bisa juna ka ɗaga wajen haske. Nan take za ka ga wace gada ce ke ƙasa da madatsar ruwa, wace kwana ce ke cin mutane ran kasuwa. A Kanada aka fara wannan aiki cikin shekarun 1960, a hannun wani masani mai suna Roja Tomlinson, domin ƙididdigar ƙasar noma da dazuzzuka. Daga watan Mayu na 2000 kuma, da Gwamnatin Amurka ta daina dagula wa farar hula alamar taurarinta na GPS, auna matsayin wuri ya zama abu mai sauƙi, har ya kai wayar da ke aljihun ɗan acaɓa tana iya faɗin inda yake tsaye, kuskuren bai wuce 'yan taku ba.

Kada wani ya ɗauka kula da awon hanya baƙon abu ne a wurinmu. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan, wanda ya yi mulki daga 685 zuwa 705, ya sa an kafa duwatsun mil a kan hanyoyin Sham, an kuwa tono waɗansunsu da rubutunsu a jiki. Hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka, wadda ake jingina wa Zubaida matar Haruna Rashid, tana da alamomin awo da rijiyoyi da tafkuna zango-zango. Ibn Khurdazbih, wanda ya riƙe aikin gidan waya na Abbasiyawa a ƙarni na uku na Hijira, ya rubuta littafi sukutum a kan hanyoyi da zangunansu da nisan da ke tsakani. A nan gida ma, da Baturen nan Kilafaton ya iso Sakkwato a 1824, daga fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya sami taswirar da ke nuna Kwara da garuruwan ƙasar, aka kai ta Ingila aka buga. Wanda ya yi karatun fikihu kuma ya san nisan da ake kasaru a mazhabar Maliku barid huɗu ne, watau mil 48, to mutumin da bai san awon hanya ba yaya zai san inda hukuncin ya hau kansa?

Dutsen mil ɗin nan shi ne ƙashin bayan al'amarin har yau. Ma'aikacin hanya ba ya cewa abu kaza yana arewa kaza gabas kaza, sai dai ya ce yana kan hanya mai lamba kaza, kilomita kaza daga mafarinta. A nan rikicin ke farawa. A ce kwalbati ya toshe kusa da Kwanar Dangora, a kan babbar hanyar A2 da ta ratsa Kaduna da Zariya da Kano. Injiniyan da ya faro awo daga Kano zai rubuta lamba ɗaya, wanda ya faro daga Zariya zai rubuta wata. Jami'in kiyaye haɗurra zai rubuta sunan kwanar. Ɗan kwangila kuwa awonsa daga inda kwangilarsa ta fara yake tashi. Ga wuri ɗaya ya sami suna huɗu, akawun da aka tara wa takardun huɗu a gabansa ba shi da hanyar sanin ko kwalbati ɗaya ake nufi ko huɗu. Ƙari a kan haka, ran da aka miƙe wata kwana ko aka yi wa wani gari kewaye, tsawon hanyar ya sāke, duk lambobin da ke gaba da wurin sun goce. In ba a gyara su gaba ɗaya ba, sai hatsarin da aka yi bara ya koma, a takarda, can wani wurin da mota ba ta taɓa kifewa ba.

Saboda haka ne masu wannan sana'a suka ce kundin taswira ba ya amfani sosai sai ya zama na ma'aikata baki ɗaya. Sashen gadoji ya sayi nasa, sashen kwalta ya sayi nasa, sashen tsare-tsare ya ɗauko ɗan kwangila ya zana masa nasa, wannan tsohuwar cutar ce aka sa wa sabuwar riga. Duk wanda ya taɓa juyar littafi da hannu ya san wannan. In almajiri ya juya daga juyin wani, wani kuma ya juya daga nasa, kafin hawa na biyar sai ka ga kalma ta faɗi, ɗigo ya ƙaura, ma'ana ta juye. Abin da malamai ke yi shi ne a tsai da asali guda, kowane juyi a yi masa muƙabala da shi, wanda ya yi gyara a gefen takarda kuma a san ko wane ne. Haka nan ma'aikatar hanyoyi take bukatar zanen hanyoyi guda ɗaya wanda shi ne asali, kowace hanya da lambarta da mafarin awonta. Sashen gadoji ya rataya gadojinsa a jikinsa, sashen kwalta ya rataya labarin ramuka, ofishin kuɗi ya rataya kwangiloli, kowa shi ke da alhakin nasa labarin, amma ba mai ikon taɓa zanen kansa sai ofis guda da aka ɗora wa amanar, kuma duk gyara da sunan mai yinsa da kwanan wata.

Amurka tana cikin ƙasashen da suka yi nisa a wannan al'amari, su ma kuwa sai da suka ga gawa tukuna. Ran 15 ga Disamba 1967 gadar Silba da ke kan kogin Ohayo ta rufta da motoci a kanta, mutum 46 suka rasu, sanadin tsagewar wani ƙarfe guda ɗaya cikin sarƙar da ke riƙe da ita. A lokacin babu wani littafi na ƙasa da ya tattara gadojinsu. Majalisarsu ta yi doka a 1968, a 1971 aka fito da ƙa'idojin duba gadoji, daga baya aka faɗaɗa su har suka haɗa duk gadar da ke kan hanyar jama'a wadda tsawonta ya wuce ƙafa 20. Bisa ƙa'ida kowace shekara biyu a ke duba gada, a ba ta maki, a aika cikin kundin ƙasa, wanda ke ɗauke da gadoji fiye da 600,000. A 1978 suka kafa tsarin da kowace jiha ke aika wa tarayya labarin tsawon hanyoyinta da lafiyarsu da yawan motocin da ke bi. Sai a 2012 hukumar hanyoyinsu ta tarayya ta umurci jihohi, daga 2014, kowace ta kawo zanen dukkan hanyoyin jama'a da ke cikinta a kan awo guda, har da na gundumomi da na ƙauyuka, suka laƙaba wa shirin suna ARNOLD. Hanyoyin nan sun wuce mil miliyan 4. Wani babban dalilinsu shi ne mutane da yawa na mutuwa a kan ƙananan hanyoyin da ba sa cikin littafin jiha, ba a iya sa yatsa a ce ga inda abin ke aukuwa. Tun da yake daga hannun tarayya kaso mai tsoka na kuɗin manyan hanyoyi ke fitowa, jihohi suka bi.

Amma fa kada a yi wa kundin nan kallon laya. Ran 28 ga Janairu 2022 wata gada ta rufta a birnin Fitsbag da motar bas da ƙananan motoci a kanta, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Gadar nan tana cikin kundi, an yi shekara goma ana rubuta mata makin rauni, masu dubawa sun sha faɗa cewa magudanan ruwanta sun toshe, tsatsa na cin ƙafafunta. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasarsu ta ɗora laifin a kan rashin aiki da abin da aka yi ta rubutawa. Abin da kundin ya yi kurum shi ne, bayan abin ya faru, ba wanda ya iya cewa bai sani ba, kuma an san teburin da takardar ta kwana. A ganina wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, domin a wurinmu ko wannan ba mu cika samu ba.

To, mu dawo gida. Tambayi tsawon hanyoyin Nijeriya, wata takardar hukuma za ta ce maka kilomita 193,000, wata 195,000, wata 200,000. Tambayi na tarayya kaɗai, amsa za ta yi ta yawo tsakanin 32,000 da 36,000. Abin da aka fi yarda da shi shi ne wajen kashi biyu cikin uku na hanyoyin na ƙananan hukumomi ne, watau hukumomin da suka fi kowa ƙarancin injiniya da kayan awo. Masu hannu a kan hanya kuwa suna da yawa. Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ke ginawa, FERMA da aka kafa a 2002 ke gyara, Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa a 1988 ke ƙidaya hatsari, ga ma'aikatun ayyuka na jihohi, ga irin su KAROTA a Kano, ga masu bututun ruwa da masu wayar intanet da ke haƙa gefen kwalta, wani lokaci ma kwaltar da aka gama shimfiɗawa jiya.

Ba za a ce ƙasar nan ba ta san kundin taswira ba. Abuja ta kafa AGIS a 2003, Kaduna ta yi dokar KADGIS a 2015, Nasarawa da Kano da waɗansu jihohi suna da nasu. Amma mai karatu ya lura, duk waɗannan na filaye ne. Fili yana kawo kuɗin takardar mallaka da harajin ƙasa, shi ya sa aka yi hanzarin auna shi taku-taku. Kwalbati kuwa kuɗi yake ci, don haka ya jira. Hujja mafi ƙarfi a kan cewa abin zai yiwu a Arewa ita ce aikin allurar shan-inna. Daga 2012 aka shiga amfani da hotunan tauraron ɗan adam ana zana ƙauyuka da rugage na Kano da maƙwabtanta, aka ba masu allura wayoyi masu nuna inda suka taka, aka gano matsugunai da dama da ba sa cikin taswirorin da ake zanawa da hannu. A 2016 aka ga cutar ta asali a ƙarshe a Borno, a watan Agusta na 2020 aka shaida Afirka ta rabu da ita. Mutanen da suka iya bin ruga-ruga suna sa ta a taswira, ƙidayar gadoji ba za ta gagare su ba. Akwai kuma shirin hanyoyin karkara na RAAMP da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, wanda Kano da Katsina da Sakkwato da Kebbi da Bauchi ke ciki, yana kuwa nema jihohi su kafa hukumar hanyoyin karkara da asusun gyara. Abin tsoro da irin waɗannan shirye-shirye shi ne, ran da kuɗin baƙo ya ƙare, kwamfutar ta kan koma ƙarƙashin ƙura.

Akwai wani tarko da safiyoyi suka sani, sauran jama'a ba su sani ba. Tsofaffin taswirorin ƙasar nan an gina awonsu ne a kan wata alama da Turawan mulki suka kafa kusa da Minna, waya da taurarin GPS kuwa da wani ma'auni na duniya suke aiki. Tsakanin biyun akwai saɓanin da ya fi faɗin hanya nesa ba kusa ba. Wanda ya ɗora sabon awo a kan tsohon zane bai daidaita su ba, zai ga hanya ta bi ta tsakar gidan mutane. Wannan kuwa magana ce mai nauyi, domin ƙa'idar hanyoyin tarayya ta keɓe mita 45.72, watau ƙafa 150, daga tsakiyar hanya zuwa kowane gefe, kuma da wannan awo a ke rushe gini ko a biya diyya. Talaka ba shi da safiyo, ba shi da lauya. In za a yi masa hukunci da taswira, hakkinsa ne a nuna masa ita, a kuma buɗe ƙofar da zai kai kuka in awon ya goce. Haka nan sunayen wurare. Sabon Gari nawa ne a Arewa, Tudun Wada nawa? Sai an ba kowane lamba, an kuma tambayi dagaci da mai unguwa yadda ake kiran wurin, a rubuta shi daidai. Burtalin shanu da ya ƙetare kwalta shi ma ya cancanci shiga, tun da a nan motoci da garke ke karo.

Wahalar da ta fi duka, a ganina, ba ta kuɗi ba ce. Akwai manhajar QGIS wadda kyauta ce, ga samari da suka karanta aikin safiyo suna neman aiki. Wahalar ita ce, fayil a ofis iko ne. Wanda shi kaɗai ya san inda takardar gada take, dole a zo wurinsa. Kundin da kowa ke gani yana kwaɓe wannan iko, yana kuma tona wani abu da ya fi haka. In kowace kwangila sai an ɗora ta a kan zane, daga kilomita kaza zuwa kaza, to hanyar da tarayya ta biya, jiha ta sake biya, ɗan majalisa kuma ya sa ta cikin aikin mazaɓa, za ta fito da launi uku a wuri ɗaya. Tun 2019 hukumar ICPC ke bin sawun ayyukan mazaɓu, tana tarar da waɗanda aka biya aka watsar da waɗanda ba a yi ba sam. Aikin da aka rubuta a kasafi an ce za a yi shi a wurare dabam-dabam cikin mazaɓa, ba suna ba awo, mai binsa sai ya sha yawo. Don haka duk wanda ya ji an ce an kawo kundin taswira a wata ma'aikata, ya tambaya ko an ɗaura shi da biyan kuɗi, watau ko baitulmali zai ƙi sakin kuɗin aikin da ba shi da matsayi a kan zane. In ba a ɗaura ba, ado ne na ofishin shugaba.

Masu tsaro suna da tasu magana, cewa bai kamata a baje wa kowa sirrin gadoji ba a zamanin da 'yan bindiga ke tare hanya. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, zanen ginin gada da wuraren rauninta ana iya killace su ga injiniyoyi. Amma sunan gada da makinta da ranar da aka duba ta da kuɗin da aka kashe mata, ban ga abin da ɓarawon daji zai ƙaru da shi ba, shi da ya fi injiniya sanin hanyar. Wani abin kiyayewa kuma, duk kamfanin da aka ɗauka ya yi awo, a rubuta tun farko cewa labarin da ya tara mallakar Gwamnati ne, a miƙa shi cikin sigar da kowace kwamfuta ke buɗewa, kada a wayi gari ma'aikata na biyan haya kafin ta duba hanyoyinta.

Ba lalle sai an jira an auna kilomita 200,000 ba. Jiha guda tana iya farawa da gadoji da kwalbatoci na manyan hanyoyinta, gama su ne inda hanya ke yankewa. Kowane a auna matsayinsa, a ɗauki hotonsa, a rubuta masa lamba da fenti a jiki yadda direba zai iya karantawa daga mota, lambar nan kuma ta zama ita ce tarayya da jiha da ƙaramar hukuma ke kiransa da ita. A ba sarkin tasha da dagaci lambar waya da za su kira su ce kwalbati mai lamba kaza ya toshe, a rubuta kiran da ranarsa da sunan wanda ya karɓa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin wannan aiki rani ne, daga Nuwamba zuwa Afrilu, sa'ad da rafuka suka ƙafe, mutum ke iya shiga ƙarƙashin gada ya ga gindin ginshiƙinta da idonsa.